Zubar Taurari ta Watan Agusta: Bayani ga Jama'ar Rano da Kibiya Kan Kallonta da Ɗaukar Hotonta

Gabatarwa

A kowace shekara, daga 17 ga watan Yuli zuwa 24 ga watan Agusta, akan ga taurari suna tsinkewa a sararin sama fiye da yadda aka saba, kuma abin yakan kai matuƙa a daren 12 wayewar garin 13 ga Agusta. Makiyaya, da masunta na madatsar ruwa ta Tiga, da ladanai, da masu tashi sallar dare sun daɗe da sanin wannan. Wasu kan yi tasbihi su wuce, wasu kuwa hankalinsu kan tashi, har a wayi gari ana raɗe-raɗin cewa wani babba zai rasu ko wata masifa na tafe.

Mun shirya wannan bayani ne domin jama'ar ƙananan hukumomin Rano da Kibiya, da hakimai, da dagatai, da masu unguwanni, da ma'aikatan ƙananan hukumomi. Manufarmu ita ce a san cewa wannan abu yana da sanannen lokaci da sanannen dalili, kuma ba ya cutar da mutum ko dabba ko shuka. Haɗarin da ke cikinsa a ƙasa yake: fita cikin dare a tsakiyar damina, da kuma rashin fahimta tsakanin masu zuwa kallo da mutanen gari.

Mene ne ke tsinkewa?

Taurarin da muke gani kowane dare ranaku ne irin tamu, wasu ma sun fi ta girma, nisa ne ya mayar da su ƙanana. Babu ɗayansu da ke faɗowa. Shi ya sa Kaza da 'ya'yanta da iyayenmu suka sani tana nan yadda suka bar ta. Abin da ke tsinkewa ɓarɓashin dutse ne da ƙura, yawancinsu ba su wuce ƙwayar yashi ko ta gero ba, manyan cikinsu kuwa kamar ƙwayar gyaɗa. Idan ɓarɓashin ya shigo cikin iskar da ta lulluɓe duniya, gudunsa yakan sa shi da iskar da ke gabansa su yi zafi ƙwarai, sai ya ƙone ya bar layin haske. Wannan yana faruwa ne a nisan kilomita 80 zuwa 100 daga ƙasa, alhali jiragen fasinja ba su cika wuce kilomita 12 ba.

Ɓarɓashin watan Agusta yana shigowa da gudun kilomita 59 a kowace daƙiƙa, wato sakan guda. Kusan tafiyar Kano zuwa Rano ke nan kafin mutum ya ƙifta ido sau biyu. Wannan gudu ne ke sa abu ƙanƙane ya yi hasken da za a gani daga nesa, kuma shi ne ke sa ya ƙone ƙurmus tun yana can sama.

Asalinsa wata tauraruwa ce mai wutsiya da ake kira Swift-Tuttle, da sunan Amurkawa biyu, Lewis Swift da Horace Tuttle, waɗanda suka gano ta a shekarar 1862. Dunƙulen ƙanƙara ce da ƙura mai faɗin kimanin kilomita 26, tana kewaya rana sau ɗaya a cikin shekara 133. Duk lokacin da ta kusanci rana, zafi kan sa ƙanƙararta ta zama tururi, sai ta zubar da ƙura a kan hanyarta, kamar yadda buhun da ya huje kan bar layin hatsi daga gona har gida. Ta zo kusa da rana a ƙarshen 1992, kuma lissafi ya nuna sai a 2126 za ta dawo. Ita kuwa duniya, a kewayen da take yi wa rana, takan ratsa wannan layin ƙura a daidai lokaci guda kowace shekara. Wani masani ɗan Italiya, Giovanni Schiaparelli, shi ne ya gano alaƙar da ke tsakanin biyun a 1866. Tun kafin nan, masu rubuta tarihi a ƙasar Sin sun rubuta ganin wannan zuba a shekara ta 36 Miladiyya. Ke nan kusan shekara 2,000 ana ganinta, duniya kuma tana zaune lafiya.

Game da fargabar jama'a

Malamanmu sun san cewa Alƙur'ani mai girma ya ambaci shihabu a Suratus Saffat da Suratul Jinn, kuma bayanin wannan nasu ne, su ya kamata a tambaya. Abin da za mu tunatar kawai shi ne, a cikin Sahihu Muslim an ruwaito daga Abdullahi ɗan Abbas cewa wani dare tauraro ya tsinke Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana zaune da sahabbansa. Da ya tambaye su abin da suke cewa a zamanin jahiliyya idan sun ga haka, suka ce sukan ɗauka an haifi wani babba ko wani babba ya mutu, sai ya kore musu wannan zato. Saboda haka addini da ilimin falaki sun haɗu a kan cewa tsinkewar tauraro ba ta sanar da mutuwar kowa. Muna roƙon limamai da malaman makarantun Islamiyya su taimaka wajen isar da wannan ga jama'a, musamman mata da yara.

Abin da yankinmu ke da shi, da abin da ke kawo cikas

Babban abin da mai kallo ke bukata shi ne duhu. A cikin birnin Kano fitilu sun dusashe yawancin taurari, amma a ƙauyukan Rurum, Saji, Zurgu, Tarai da Durba, da mutum ya ɗan fita bayan gari zai ga sama cike fal. Wannan arziki ne da mutanen manyan biranen duniya ke yin tafiyar sa'o'i su nema. Hasken Kano kan bayyana ƙasa-ƙasa ta wajen arewa, don haka a zaɓi wurin da dutse ko itatuwa suka tare wannan ɓangare.

Cikas ɗin shi ne gajimare. A Turai da Amurka wannan zuba tana zuwa ne lokacin zafi da sararin sama ke washe, mu kuwa tana riskarmu a watan da ya fi kowane ruwa a Jihar Kano. Akwai shekarar da daren 12 ga wata zai wuce ba a ga ko tauraro ɗaya ba. Dabarar ita ce kada a ɗora buri a kan dare guda. Daga 10 zuwa 14 ga Agusta kowane dare yana da rabonsa. Haka kuma manoma sun san cewa idan hadari ya taso daga gabas da yamma ya zubar ya wuce, sau da yawa gari kan washe kafin asuba, ruwan kuma ya wanke ƙurar iska. Irin wannan dare ya fi kowane kyau. Ana iya sauraron hasashen Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, a gidajen rediyo kafin a shirya.

Cikas na biyu farin wata ne, kuma a nan kalandar Musulunci ce jagora. Idan 12 ga Agusta ta faɗo tsakanin 25 ga watan Musulunci da 7 ga mai bi masa, sama za ta yi duhu a lokacin da ake bukata. Daga 8 zuwa 11, sai a jira wata ya faɗi. Daga 12 zuwa 18, farin wata zai rufe duk ƙananan, sai manyan kaɗai za a gani. Daga 19 zuwa 24 kuwa wata yana makara wajen fitowa, sai ya tsaya a sama har asuba. Alal misali, a 2025 daren ya dace da wajen 18 ga Safar, wata ya hana gani sosai. A 2026 ya dace da ƙarshen Safar, babu wata ko kaɗan. A 2027 zai dace da wajen 10 ga Rabi'ul Awwal, sai sa'o'in ƙarshe na dare. A 2028 wata zai kasance a sama kafin asuba, sannan 2029 ta sake zama shekara mai kyau.

Lokaci da inda za a duba

Idan aka bi layukan hasken baya, za a ga duk sun taso daga wuri guda, cikin rukunin taurarin da masana ke kira Perseus. A yankinmu wannan wuri yana ɓullowa wajen ƙarfe 11 na dare, ta arewa maso gabas. Hanya mafi sauƙi ta gane shi ita ce mutum ya fuskanci alƙibla. Wajen ƙarfe 12 da rabi Kaza da 'ya'yanta za ta fito kusan daidai gabansa, wurin da ake nema kuma yana hagu da ita.

Mafi kyawun lokaci shi ne daga ƙarfe 2 na dare zuwa kiran assalatu. Dalili biyu ne. Na farko, wurin da suke tasowa ya yi sama. Na biyu, bayan tsakar dare ɓangarenmu na duniya shi ke gaba a tafiyar da take yi, kamar mai tuƙa babur da daddare, wanda ƙwari ke bugun fuskarsa ba ƙeyarsa ba.

Akan ji a rediyo cewa za a ga guda 100 a sa'a ɗaya. Wannan lissafi ne na wanda abin ke tasowa daidai tsakar kansa a cikin cikakken duhu. A Rano da Kibiya wurin ba ya kai rabin hanya tsakanin gefen sama da tsakar kai, saboda haka ko a dare mafi kyau abin da za a sa rai bai wuce 50 zuwa 60 ba, idan kuma akwai ɗan gajimare ya ragu ƙwarai. Ba sa zuwa a jere. Ana iya yin minti biyar shiru, sai uku su tsinke a tare.

Ba a bukatar tabarau mai hangen nesa, domin yana ƙuntata abin da ido ke gani. A shimfiɗa tabarma a kan leda saboda danshi, a kwanta rigingine ƙafafu suna fuskantar gabas ko arewa maso gabas, a bar ido ya yi yawo. Ido yana bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, duba waya ko haska tocila sau ɗaya kuma yana mayar da aikin baya. Idan tilas ne a haska, a ɗaura jan ƙyalle a bakin tocilar.

Ya kamata a iya bambancewa. Abin da ya tsinke cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu shi ne ake nema. Haske mai tafiya a hankali ba ya ƙyaftawa tauraron ɗan'adam ne, mai ƙyafta ja da fari jirgin sama ne. Jerin fitilu masu bin juna kamar ayarin raƙuma kuwa taurarin ɗan'adam ne na Starlink, waɗanda aka fara harbawa a 2019.

Ɗaukar hoto

Babu mai saurin hannun da zai danna kyamara bayan ya ga tauraro ya tsinke. Abin da ake yi shi ne a bar idon kyamara a buɗe na wasu daƙiƙu, a maimaita sau da yawa, har wani ya ratsa ta gabanta. Aikin ɗana tarko ne. Ga matakan:

1. A kafa kyamara ko waya yadda ba za ta motsa ba. Wanda ba shi da mariƙi mai ƙafa uku ya kifa turmi, ya ɗora ƙaramin buhun yashi ko na hatsi, ya jingina wayar a kai.

2. A kashe fitilar kyamara. Ba ta kai ko'ina, sai dai ta makantar da na kusa.

3. A shiga sashen da mutum ke saita kyamara da kansa, wanda a yawancin wayoyi aka rubuta masa Pro. A sa lambar ISO tsakanin 1600 da 3200, a sa tsawon buɗewa daƙiƙa 10 zuwa 20. Idan ya wuce 25, taurari kan fara jan layi saboda juyawar duniya.

4. A saita gani zuwa mafi nisa, a gwada da tauraro mai haske har ya zama ɗigo ƙarami. Kada a jawo hoto kusa, domin gwargwadon faɗin saman da kyamara ta ɗauka, gwargwadon rabonta.

5. A sa agogon jinkiri na daƙiƙa 2 ko 3, don kada girgizar yatsa ta ɓata hoton.

6. A fuskantar da kyamara ɗan gefe da wurin da suke tasowa, domin a can layukan suka fi tsawo. Idan aka sa dutse ko kuka ko rumbu a ƙasan hoton, kowa zai gane cewa a ƙasarmu aka ɗauka.

7. A riƙa goge madubin kyamara da ƙyalle mai laushi, saboda raɓar damina kan rufe shi kafin asuba. A tafi da cikakken caji da leda ta rufe kaya.

Mutum yana iya ɗaukar hoto 200 ya samu tauraro a biyu ko uku kacal, domin kyamara tana kama masu haske ne kawai. Wannan ba gazawa ba ce. Idan an samu, a rubuta kwanan wata da lokaci da sunan ƙauyen. Muna kuma gargaɗi kan yaɗa hotunan da aka ɗauko daga intanet ko aka haɗa da kwamfuta da sunan na Rano ne, musamman masu nuna wuta tana zuba a kan gari, domin su ne ke haddasa firgici.

Kiyaye lafiya da zaman lafiya

Duwatsun Rano da na Rurum suna da jan hankalin mai neman hoto, amma ba mu ba da shawarar hawansu da daddare a damina ba. Suna da santsi bayan ruwa, kuma wanda ke kan tudu ya fi kowa fuskantar tsawa. Filin makaranta, ko filin idi, ko masussuka a gefen gari sun wadatar. Da an ga walƙiya tana matsowa a tattara a koma gida, kada a fake a gindin itace. Kada a ƙetare rafi ko kwari cikin dare, domin ruwan da aka yi a wani wuri yana iya cika shi ba zato.

A sa takalmi mai rufe ƙafa, a haska wuri sosai kafin a shimfiɗa tabarma, saboda macizai da kunamu. Wanda maciji ya sara a kwantar masa da hankali, a hana ƙafar ko hannun motsi, a garzaya da shi asibiti, kada a tsaga wurin ko a tsotse shi. Agusta lokacin zazzaɓin cizon sauro ne, don haka a sa tufafi masu rufe jiki. Ƙananan yara da mata masu juna biyu su yi kallonsu daga tsakar gida na ɗan lokaci, su koma cikin gidan sauro. Kada a taka shukar kowa.

Abu mafi muhimmanci shi ne sanarwa. A halin tsaron da ake ciki, mutanen da aka gani a bayan gari ƙarfe 3 na dare da na'ura a kan ƙafafu uku suna iya jawo zargi, kuma zargin dare ba ya jiran bayani. Duk ƙungiyar ɗalibai ko baƙin da ke son zuwa su fara gabatar da kansu ga mai unguwa ko dagaci tun da rana, su faɗi yawansu da wurin da za su zauna, a haɗa su da ɗan gari. Shi kuma dagaci ya sanar da 'yan sintiri da ofishin 'yan sanda. Kada a ɗauki hoton gidajen mutane ko rugar makiyaya ba da izini ba. Muna ba da shawara jami'an yaɗa labarai na ƙananan hukumomin biyu su tunatar da hakimai tun farkon Agusta, domin a yi shela a kasuwanni da masallatan Juma'a.

Idan dutse ya faɗo

Zubar Agusta ba ta kawo dutse ƙasa. Amma a wasu lokuta dabam, dutse babba kan tsira daga ƙonewa ya faɗo, tare da haske mai ƙarfi da ƙara kamar aradu. A ranar 3 ga Oktoba 1962, wani mai nauyin kilo 18 ya faɗo kusa da wani manomi a Zagami, cikin Jihar Katsina ta yau, kuma bincike ya tabbatar da cewa daga duniyar Mars ya fito. An samu wani a Mayo Belwa ta Adamawa a 1974, da wani a Gujba ta Yobe a 1984. A 2023 an tsinci wani dutsen Mars mai nauyin fiye da kilo 24 a yankin Agadas na Jamhuriyar Nijar, aka yi gwanjonsa a birnin New York a 2025 kan dala miliyan 5.3, har gwamnatin Nijar ta buɗe bincike kan yadda ya bar ƙasar. Darasin a bayyane yake. Wanda ya ga irin wannan kada ya farfasa shi, kada ya wanke shi, kada kuma ya sayar wa ɗan kasuwar da ya fara zuwa. Ya ɗauki hotonsa a inda ya faɗi, ya sanar da dagaci, ƙaramar hukuma kuma ta tuntuɓi Hukumar Binciken Ma'adinan Ƙasa ta Nijeriya ko masana a Jami'ar Bayero.

Idan gajimare ya hana

Wanda damina ta hana shi kada ya yi baƙin ciki, akwai wasu lokutan. A wajen 21 ga Oktoba da kuma 5 zuwa 6 ga Mayu ana ganin ɓarɓashin tauraruwa mai wutsiya ta Halley kafin asuba. Mafi dacewa da mu ita ce zubar daren 13 wayewar 14 ga Disamba, wadda ke fitowa daga wani dutsen sama mai suna Phaethon da aka gano a 1983. Yawanta yakan kai ko ya zarce na Agusta, gudunta kilomita 35 ne a daƙiƙa, don haka ta fi sauƙin gani da ɗauka. Tana farawa tun wajen ƙarfe 9 na dare, kuma wajen ƙarfe 2 wurin da take tasowa yana kusa da tsakar kai. A lokacin an gama girbi, babu ruwa, sai sanyin hunturu da hazo idan ya sauka. Shugabannin makarantu za su iya shirya wa ɗalibai wannan dare cikin sauƙi.

Kammalawa

Muna kira ga iyayen ƙasa da malamai da ma'aikata su riƙe abubuwa uku: a sanar da jama'a lokacin tun kafin ya zo, a kwantar da hankalin wanda ya tsorata, a kuma san duk baƙon da zai kwana a bayan gari. Ga matasa masu sha'awa kuma, a nemi izini, a fita a ƙungiya, a yi haƙuri da gajimare. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Jihar Kano da ƙasarmu lafiya, amin.